Ka Kashe Babur In Ka Iske Mutane

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Isa maƙeri a Gwandu, zuwa ga ɗansa Dikko da ke Kalgo, gidan Madugu. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da maigidanka da duk wanda kuke sa hannu a akushi ɗaya. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe. Uwarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Bayan haka, ba labarin gida zan ba ka ba. Hannuna na guduma ne, alƙalami ba ya zama daidai a cikinsa, sai ka yi haƙuri da baƙaƙen da suka karkace. Na ji ayarin Madugu zai tashi bayan kasuwar Kalgo mai zuwa, kai kuma za ka riga su da babur ɗin da ya saya hannun Bature, ka ƙetare Kamba, ka shiga ƙasar Faransa har Zugu, ka jiyo musu yadda goro yake. Malam Buhari mai tabarmi zai je cin kasuwar, shi zai kawo maka wannan, shi ya sa nake rubutu kamar ana kora ta.

Abin da ya hana ni zama shi ne ranar da ka zo sallama. Ina bakin maƙera na ji rugugin babur tun daga bayan gari. Yara suka watsar da abin da ke hannunsu suka bi ka, maƙwabta suka fito ƙofa. Ka tsaya gabana, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya bisa ƙarfe, inji yana ta ɓaɓatu, ka ɗaga hannu ka gaishe ni daga can sama kamar hakimi ya ga talaka. Ba ka sauka ba, ba ka tuɓe takalmi ba, ba ka durƙusa ba, ga idon unguwa duka a kaina. Zuciya ta ɗebe ni na ce: “Tahi. Tunda ƙarhen ga ya hi ubanka, shi shi maido ka gida, ba addu'ata ba.” Ka dube ni, ka dubi uwarka a bakin zaure, ka juya kan babur ka tafi.

Har yau ban san ko ka ji ba. Uwarka ta ce ka ji, wai ta ga leɓenka yana rawa. Ni nakan ce ƙarar inji ta haɗiye maganar, in an jima kuma in ce ai da ƙarfi na faɗe ta. Tun ranar ban ƙera abin kirki ba. Na ƙone wa wani mutumin Malisa garma, ni da na tsufa ina gane zafin ƙarfe da ido. In na zauna sai in tashi, in na tashi sai in iske kaina bakin hanya ina sauraren abin da ba ya zuwa. Uwarka ba ta yi mini faɗa ba, gara ma da ta yi. Tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗago ba, ta ce: “Malam, yaron ga za shi ƙasar da ba shi da kowa, kai ko ka amshe mai abu guda da ag gare shi.” Magana zarar bunu ce, na sani, amma dai zan gwada.

Abin da ya fi cina shi ne na san dalilin da ya hana ka kashe injin. In ka kashe shi, sai ka tura shi da gudu cikin rairayin ƙofar gidanmu, ka ɗare, ya yi tari ya mutu, ka sake turawa, yara suna shewa. Kunyar wannan ka guda. Na sani don ni ma na guje ta, kuma ta ja mini abin da ya fi ta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kana ɗan saurayi kana ja mini zuga-zugi lokacin da na yi wata tafiya da babur, ka ga na komo da tabo a ƙauri, ban taɓa gaya maka yadda aka yi ba. Kai ɗan fari ne, ba a saba mu zauna mu yi hira ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. Takarda ba ta da ido, bari in faɗa mata. Wani Bature mai sayen fata, wanda muke ce wa Mai Lofe, babur ɗinsa ya karye a Gwandu, na ƙera masa ƙarfen da ya tsaya daidai. Daga nan ya ɗauke ni, ya koya mini hawa. Da zazzaɓi ya kwantar da shi a Birnin Kebbi, sai ya ba ni babur ya ce in kai saƙo ga masu tara masa fata a wajen Kandi, kafin damina. Ya haɗa ni da Garba tafinta, mutumin Kalgo, mai jin Zabarmanci da ɗan Faransanci, ya zauna bayana. Hanyar da za ka bi ita muka bi.

Wautata ta farko tun ba mu bar ƙasarmu ba na yi ta. Na sa babbar rigata ta Sallah, mai shuni, don mutanen Kalgo su ga maƙerin Gwandu bisa abin da ko hakimai ba su hau ba. Sun kuwa gani. Iska tana cika rigar ina jin kaina wani abu. Kafin mu kai Bunza muka faɗa rairayi, babur ya fara rawa, gefen riga ya sauka ya shiga cikin bel ɗin da ke juya ƙafar baya. Ban san lokacin da na bar sirdi ba. Na farka ƙaurina yana manne da bututun hayaƙi, ina jin ƙaurin naman kaina, bel ya tsinke, riga ta zama tsumma. Garba ya tashi yana tofar da ƙasa ya ce: “Isa, in sarauta kaka biɗa, biɗi doki. Abin ga ba ya son riga.” Nan na sa bel ɗin ajiya, shi ke nan wanda muke da shi, ka riƙe wannan a ranka don zai komo.

To kai, ka sa taguwa da wando mai tsukakkiyar ƙafa. Rigar ado ka naɗe ta, ka sa in ka sauka za ka ga manya. Na ga rawanin da ka naɗa ranar nan, jelarsa tana lilo har kusa da taya, gabana ya faɗi tun kafin in yi fushi. In ka shiga rairayi kada ka yi kokawa da kan babur, ka sassauta hannu, ka saukar da ƙafafu, ka bar shi ya nemi hanyarsa. Kuma bel biyu za ka ɗauka na ajiya, ko Madugu ya ce ɗaya ya isa. Bai taɓa hawa ba.

Ta biyu a kusa da Gaya, cikin ƙasar Faransa. Mai Lofe ya koya mini in na haɗu da mota in kauce hagu, haka ake yi a ƙasar Ingilishi, ya kuwa nanata mini har ya zama jinin jikina. Bai gaya mini Faransawa dama suke bi ba, ni kuma ban tambaya ba, don a ganina Bature duk Bature ne. Sai ga wata babbar mota ta taso. Na kauce hagu, direban ya kauce damarsa, ashe wuri ɗaya muka nufa. Na ƙara matsawa, ya ƙara matsawa. Allah ya sa akwai sarƙaƙiya, na zaɓe ta. Muna cire ƙaya daga jiki sai ga gardi biyu, wato dogaran Faransa masu jar hula, suka tasa mu gaba zuwa gidan Kumandan. Nan na ƙara wata wautar a kan wannan. Na buɗe baki ina cewa ni yaron Bature ne, a bi ni a hankali. Suka shanya mu a rana tun hantsi har la'asar. Garba ne ya kwance takardar wucewa daga cikin hularsa, inda ya ɗinke ta kamar laya, ya yi ta ba da haƙuri da harshensu har aka sake mu. Da muka fito ya ce: “Baturenka ba nasu ba na. Nan kai ba yaron kowa ba na, baƙo na kai.”

Da ka wuce Kamba, ka ɗaura zare a hannunka na dama don ka tuna dama ake bi. Kada ka ambaci girman Madugu gaban gardi, ba su san shi ba, ba su kuma son su sani. Ka yi magana kaɗan, ka cire hula in sun ce ka cire, ka riƙe takardarka a jikinka ba cikin kaya ba. Na ga mutanen da aka kama ba takarda aka sa su fasa dutsen hanya, wasunsu ’yan ƙasarmu ne.

Sai maganar mai. Ni jikan fatake ne ta wajen uwa, na tashi ina jin ana lissafin hanya da zango, inda akwai ruwa da ciyawa. Da wannan hankalin na fita. Na manta jaki yana cin abin da ya iske a bakin hanya, babur kuwa sai abin da ka ɗauko masa. Garwa biyu na ɗaure, ɗaya ta huje a faɗuwar sarƙaƙiya, ta yi ta ɗiga ban lura ba. Na ce ba komai, Gaya gari ne na Turawa, a samu. Ba mu samu ba. Man da ke garin na Kumandan ne, ko ƙanshinsa ba a ba ɗan Gwandu. Muka aika Birnin Kebbi, muka zauna zaman jira, har mai furar bakin kasuwa ta fara tambayata ko aure na zo nema. Daga ƙarshe jakuna ne suka kawo mana garwa, suna tafe suna kaɗa kunne. Abin da ake cewa yana gudu kamar iska ya zauna yana jiran jaki. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ka ce wa Madugu ya tura garwa gaba da jakuna, a ajiye maka a gidan wanda ya amince da shi a Gaya da Kandi. In ya ƙi, kada ka tashi. Kowace safiya ka shinshina gindin garwarka, in ka ji tana yoyo ka murje wurin da sabulun salo, yana riƙewa. Kada ka bar masu kallo su matso da taba ko garwashi.

Ƙetare Kwara ba zan tsawaita ba, don har yanzu ina jin kunya. Masu fito suka ce a kwantar da babur a cikin kwalekwale a ɗaure. Na ce a'a, mai zai zube, a tsaye zai tafi ina riƙe da shi. Mai jirgin, wani dattijo mai faffaɗan ƙirji, ya tambayi Garba daga ina nake. Da ya ji Gwandu ya yi dariya ya ce ai ruwanmu na buta ne. Na ji haushi na ƙara kafewa. Muna tsakiya igiyar ruwa ta bugi jirgi, babur ya karkata, ni da shi muka nufi gefe, ruwa ya fara shigowa. Dattijon ya saki sandarsa ya danne ni da gwiwa kamar ragon layya, yaransa suka kwantar da babur, ba wanda ya ƙara tambayar ra'ayina. A kan ruwa mai jirgi ne sarki, ko da kai ne ka fi shi riga. Ka juye mai cikin garwa tun a gaɓa, ka yi abin da ya ce, ka yi shiru har ƙafarka ta taka ƙasa.

Yanzu na zo ga wadda ta sa na ɗauki alƙalami. Na tashi na zagaya maƙera sau biyu kafin in iya fara ta.

Bayan mun ƙetare, wata safiya babur ya yi gardama. Garba ya tura ni, ya tura, har jijiyar wuyansa ta fito, kafin inji ya kama. Na rantse a raina ba zan ƙara kashe shi ba sai inda za mu kwana. Da hantsi muka doshi wani ƙauye na Dandawa, Musulmi ne kamarmu. A kan ’yar hanyar sai ga mutane sun fito a jere, shiru, huɗu suna ɗauke da makara. Ka san abin da matafiyi ke yi in ya haɗu da gawa, ko bisa doki yake. Ya sauka, ya tsaya a gefe, in da hali ya bi ta ’yan taku. Garba ya bugi bayana ya ce: “Isa, tsaya! Gawa ta!” Na ce: “In nit tsaya, wa za shi tada muna shi?” Hannuna ya kai ga ƙahon roba na matsa. Dikko, na busa wa gawa ƙaho. Mutane suka watse, masu makara suka faɗa cikin ƙaya, na ga makarar ta karkata har wani ya tare ta da kafaɗa. Na bi ta tsakiyarsu na wuce, na bar musu hayaƙi.

Ba mu yi nisa ba, ana hango kukokin garin, bel ya tsinke. Na ajiya kuwa shi ne wannan ɗin. Gabanmu daji, ba ruwa a salka, ba wani gari sai wanda muka baro. Muka juya muna turi.

Mun iske sun komo daga binnewa, suna zaune ƙarƙashin itace. Na yi sallama. Mutum ɗaya ya amsa, wani tsoho, don kada alhakin sallamar ya hau garin, sauran ko kallo ban ishe su ba. Ba wanda ya matsa a tabarma. Aka kawo ƙwaryar ruwa aka ajiye a ƙasa, can nesa da ni, ba a miƙa mini a hannu ba. Tsohon yana jin Hausa, ya ce: “Ruwa haƙƙin matahiyi na, ku sha. Masauki ko na baƙo na, mu ko ba mu ga baƙo ba yau. Wani abu dai munka ga ya wuce.” Garba ya zauna a ƙasa tsirarta, ya yi musu ta'aziyya da harshensu, hawaye yana zubo masa, don shi ya san bai yarda ba. Aka matsa masa. Ni na koma gindin wata tsamiya kusa da babur, girman kai ya hana ni matsawa, kunya ta hana ni tafiya. Nan na yi azahar ni kaɗai, na yi la'asar ni kaɗai, ina jin sahunsu yana cewa amin. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yini ba.

Washegari Garba ya kawo mini tuwo daga cikin nasa, ya tsuguna ya ce: “Ka san wa anka binne? Maƙerin garin na. Shi ɗai ag gare su, ga damina ta taho, garemaninsu duk suna wurinai.” Na ajiye tuwon. Ɗan'uwana a sana'a, wanda da na iske shi da rai da shi zai sauke ni, ya ba ni wuta da uwar maƙera ba tambaya, shi na tura cikin ƙaya. Na tuɓe takalmi, na je kabarin na yi masa addu'a, na zo gaban tsohon na durƙusa a gaban kowa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya tashi ya yi gaba na bi shi, har wata ’yar rumfa. Tokar marigayin tana nan, ga wata garma da ya fara bai gama ba. Na hura wuta.

Na zauna garin har na gama musu garemani da fartanyu, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ranar da na ajiye guduma, ƙanen marigayin ya kawo mini fatar bijimi da yayansa ya jeme ya ajiye. Na yanka, na ninka, na ɗinke, na ƙera ’yan ƙusoshi na danne, ta zama bel. Garin duka suka fito tura mu, har da waɗanda suka ɗauki makarar, suna dariya in inji ya yi tari. Tsohon ya riƙe hannuna ya ce: “Ɗan Gwandu, in ka komo ta nan, kashe abin ga tun bakin rijiya. Awakinmu ba su saba ba.”

Fatake ba su taɓa shiga gari ba labarinsu bai riga su ba. Ana jin ƙararrawar jakuna, a aika, a gaisa, a san ko kai ɗan wane ne kafin ka kwance kaya. Babur yana kai ka gari kafin labarinka, ya fitar da kai kafin a ga fuskarka, alhali duk garin da ka wuce shi ne wanda za ka komo wa da ƙafa in abu ya lalace. Tun zuwan Turawa ba a yi shekara talatin ba, mutane ba su canza ba don ƙarfe ya koyi gudu. Saboda haka ka kashe shi a bakin kowane gari. Ka kashe shi in ka ga gawa, in ka ga sahun salla, in ka ga shanu a bakin rijiya, in ka ga dattawa a zaune. Ka sauka, ka gaisa, ka tambayi sunan garin ko da ka sani. Za a yi maka dariya wajen turi. A yi. Masu dariyar nan su ne za su kama maka turin.

Saura ɗaya, ita ce mai nauyi. Mun isa Kandi masu fata sun riga sun watse, saƙon bai yi amfani ba. A hanyar komowa ruwa ya sauka sosai. Wajen ƙetare wani rafi inji ya sha ruwa, wani abu ya fashe a cikinsa, irin fashewar da guduma ba ta gyarawa. Mutanen wurin suka ce in bar shi hannun maigari, in je in faɗa wa mai shi. Na ce amana ce, ba na barin amana a ƙasar wasu. Haka na faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki, amma rabinta kunya ce. Na fita Kalgo a bisa, ya za a yi in shigo a ƙasa? Muka shiga turi cikin laka, yini bayan yini, ruwa yana dukanmu. Garba ya fara zazzaɓi, yana tari yana turawa. Wata rana ya jingina da sirdi ya ce: “Isa, mu bar shi. Ƙarhe na, ba ya da uwa.” Na ce ya ƙara haƙuri, Gaya ta kusa. Ba ta kusa ba.

Mun kawo babur har Birnin Kebbi. Garba kuwa daga Kamba bisa jaki aka kai shi gida, ƙirjinsa ya riga ya kamu, bai ga kakar shekarar ba. Mai Lofe ya warke, ya fito da lofensa a baki, ya leƙa cikin injin, ya shuri taya, ya ce a jefa shi bayan sito. Da na koma bayan wata biyu na iske kaza tana kwanci a ƙarƙashinsa. Ajali na Allah ne, na sani, malamai sun gaya mini, amma ni na san wanda ya ce a ƙara turi. Tun daga nan ƙafata ba ta son Kalgo, shi ya sa ma Malam Buhari ne zai zo maka ba ni ba. Uwar Garba tana nan da ranta, gidan da ke bayan marina. In ka samu sarari kafin ka tashi ka je ka gaishe ta, da ƙafa.

In babur ya mutu mutuwar da ba ta gyaruwa, ka bar shi. Ka damƙa shi ga maigari gaban shaidu, ka bi ayari ko ka bi masu jakuna. In an haɗa ka da abokin tafiya ya ce ya gaji, ka yarda ya gaji. Madugu zai yi faɗa, ya yi, ni zan zo Kalgo da kaina in tsaya gabansa in ta kai ga haka. Madugu ya san inda zai sayo wani babur. Ni da uwarka ba mu san inda za mu samo wani Dikko ba.

Jiya bayan la'asar na tsayar da liman a ƙofar masallaci, na kira maƙwabtan da suka ji abin da na faɗa ranar nan, na ce su shaida na janye. Na ce ɗana bai yi mini komai ba sai abin da ya gada, ni kuwa na yi masa abin da uba bai kamata ya yi wa mai tafiya ba. Liman ya ɗaga hannu muka yi maka addu'a, na shiga gida na maimaita gaban uwarka, sai a lokacin ta dube ni. In ka ji maganar ranar nan, to ga shi na ɗauke ta daga kanka. In ba ka ji ba, ƙarar inji ta rufe ta, to yanzu ka ji ta daga hannuna, ita da janyewarta a takarda ɗaya, don ba na son wani ya tare ka da rabinta a hanya.

Ba na cewa ka komo Gwandu kafin ka tashi, hanya ba ta biyo ta nan ba. Ka dai gaya wa Malam Buhari kalma ɗaya da zai kawo mini, in san takardar ta shiga hannunka, ko na samu in zauna.

Allah ya kai ka lafiya. Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da ruwa da rana, da sharrin mai mulki da na ɗan hanya, da sharrin zuciyarka in ta ce maka yi sauri. Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa, ya sa ka zama baƙon da ake matsa wa a tabarma. Na yafe maka duniya da lahira, ka yafe mini. Allah ya yi maka albarka. Ka tafi da addu'ata, ita za ta maido ka, in Allah ya yarda.

Wassalam. Ubanka, Isa.